Lawashin albasata ya koma kamar an shafa masa toka, me ke cin sa?

Sabon Ɗan Lambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako. Bana ne karon farko da na dasa albasa, komi shida, ga kuma tumatir da tattasai a gefe. Tun makon jiya na lura lawashin yana yin wani fari-fari mai sheƙi, kamar an kankare shi da farce. Bakin ganyen yana bushewa daga sama, wasu har sun fara murɗewa. Na duba sama da ƙasa, ban ga tsutsa ba, ban ga darɓa ba, ko huji ɗaya babu a jikin ganye. Ban ruwa kuwa ba na fashi. Yarana suna shiga lambun su tsinki tumatir su kai baki, shi ya sa ba na son feshi mai guba. Me ke damun ta?

Ba Sani Ba Sabo:
Yunwa ce. Watsa mata yuriya ka bi da ruwa, kwana uku za ka ga ta yi shar.

Baba Mai Albasa:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka zuba komai tukuna. Tashi ka je lambun yanzu. Ka kama ganye biyu na tsakiya, waɗanda suka fi ƙuruciya, ka buɗa su a hankali har can wuya inda suka haɗu, ka zuba ido sosai. Sannan ka sa farar takarda a ƙarƙashin wani gindin, ka karkaɗa lawashin a kanta. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Sabon Ɗan Lambu:
Innalillahi. Baba, ashe cike suke. A wuyan akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu ruwan ɗorawa, sirara kamar guntun zare, ina buɗawa suka ruga ƙasa suna ɓuya. A kan takardar kuma na ga wasu masu duhu-duhu, na kai yatsa sai ɗaya ya yi tsalle ya ɓace. Akwai kuma ɗigo-ɗigo baƙaƙe a wurin da ganyen ya yi fari.

Baba Mai Albasa:
To, ka ga ɓarayinka. Masu ruwan ɗorawan 'ya'ya ne, ba su da fiffike. Masu duhun iyaye ne. Baƙin ɗigon kuma kashinsu ne. Da ka bi shawarar yuriya da ka dafa musu gara, don babu abin da suke so kamar ganye mai taushi da ya sha takin zamani ya cika da ruwa.

Ba Sani Ba Sabo:
Na ji, na janye ta yuriya. Amma tunda ƙwari ne ai magana ta ƙare. A sayi magani mai ƙarfi a fesa sau ɗaya a huta.

Malamin Gona:
Bari in sa baki kafin a kai ga feshi. Sunan wannan ƙwaro tirifs. Akwai nau'insa sama da 6,000 da masana suka bayyana, amma 'yan kaɗan ne ke damun mai lambu. Na albasa shi ake rubutawa Thrips tabaci. Tsawon babba bai fi milimita ɗaya zuwa biyu ba. Ba ya cin ganye yadda tsutsa ke ci, shi ya sa ba ka ga huji ba. Huda fatar ganyen yake yi ya tsotse ruwan da ke ciki, iska ta shiga gurbin da ya bari, wurin ya riƙa ɗaukar ido kamar azurfa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne yadda rayuwarsa take tafiya, don a nan gizo ke saƙa. Macen tana tsaga ganye ta cusa ƙwanta a cikin naman ganyen, babu feshin sabulu ko na ganye da zai kai gare shi. Bayan 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe, ɗan ya yi kamar mako guda yana tsotso, yana saɓa sau ɗaya a tsakani. Daga nan sai ya daina ci, yawanci ya faɗo ƙasa ya shige cikin turɓaya ko busassun ganye ya yi kwanaki yana sauya kama, sannan ya fito da fiffike. In da zafi, zagayen duka mako biyu zuwa uku ne. Kuma na albasa galibi ba ya buƙatar namiji, macen kaɗai tana haifar mata 'yan uwanta.

To ka ga ranar da ka ɗauki famfon feshi, wani kaso yana cikin ganye a matsayin ƙwai, wani yana cikin ƙasa, wani ya maƙale can ƙuryar wuya. Waɗanda ke fili kaɗai za ka samu. Feshi sau ɗaya, ko da wane irin magani ne, ba ya gama da su.

Ba Sani Ba Sabo:
Malam, ni shekarata nawa ina fesawa kuma ina girbi.

Malamin Gona:
Sau nawa kake fesawa a kaka ɗaya yanzu, sau nawa kake yi shekara biyar da suka wuce?

Ba Sani Ba Sabo:
Ya ƙaru kam. Amma wannan ai jabun magani ne ya yi yawa.

Malamin Gona:
Jabu na iya kasancewa, ban musa ba. Amma ko da na gaske ne, tirifs na cikin ƙwarin da suka yi suna wajen saurin sabawa da guba. Ƙwaron da ke juya zuri'a duk mako biyu, 'yan tsirarun da suka tsira su ne iyayen na gaba. Ga kuma na biyu, maganin kashe-duka yana share masu cin tirifs ɗin da ke yawo a fili, ya bar tirifs a maɓoyarsa. Bayan kwana goma sai ka ga sun fi da yawa, babu mai taɓa su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hajiyar Buhuna:
Sannunku da ƙoƙari. Ni lambuna a buhuna da bokitai yake, bai kai ya kawo ba, amma sun taɓa cinye min tattasai. Ganyen sama ya ƙanƙance ya lanƙwashe, fure yana zubewa, 'ya'yan da suka tsira suka fito da wani tabo mai kaushi kusa da hula. Na yi ta dafa ganyen dogon yaro ina fesawa har hannuna ya yi ɗaci, ban ga wani canji ba. Don haka ni kam duk mai cewa dogon yaro magani ne, sai dai in yi shiru don girmamawa.

Baba Mai Albasa:
Hajiya, ba laifin itacen ba ne, dafawar ce da kuma ganyen. Ƙarfin yana cikin ƙwallon. Ga yadda nake yi shekara da shekaru. In tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, in wanke ɓargon, in shanya a inuwa har su bushe ƙamas. Wanda ya yi fumfuna in zubar. In fasa in fitar da ƙwayar ciki, in daka ta sama-sama. Giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa. A jiƙa da yamma cikin ruwan sanyi ya kwana. Kashegari a tace da ƙyalle har sau biyu, in ba haka ba bakin famfo zai toshe ka yi ta tsaki a tsakiyar lambu. A ɗan narka sabulu a ciki don ya kama jikin ganye, saboda lawashi santsi gare shi, ruwa zalla mirginewa yake yi ya faɗi. A yi amfani da shi a ranar, ba a ajiye shi.

Wurin fesawar kuma nan mutane ke yin asara. Suna wucewa tsaye suna yi wa albasa yayyafi a ka kamar masu turara ɗaki. Sunkuyawa ake yi, a saita bakin famfon cikin wuya, har ka ga ruwan ya taru a tsakanin ganyen. Komi ɗaya yakan ci min lokacin da wani zai yi uku.

'Yar Ajin Kimiyya:
Baba ya yi daidai. Sinadarin da ke aikin sunansa azadiraktin, an fara ware shi daga ƙwallon dogon yaro a 1968, kuma a ƙwallon ya fi yawa nesa ba kusa ba. Zafi da hasken rana suna lalata shi, shi ya sa tafasawa ke rage masa ƙarfi, shi ya sa kuma ake fesawa da yamma. Sannan Hajiya, ba ya kashewa nan take. Hana ƙwaro cin abinci yake yi, ya kuma rikita masa saɓa, sai ɗan ya kasa girma. Manya masu fiffike ba ya yi musu wani abin kirki. Wanda ya fesa yau ya je gobe neman gawa zai ce ruwan banza ne.

Hajiyar Buhuna:
Ato. Ni da nake tafasa shi har sai ya yi baƙi, ina ganin hakan ne ƙarfi. Allah ya saka muku. To in mutum ba shi da itacen a kusa fa?

'Yar Ajin Kimiyya:
Man dogon yaro, wanda aka tatsa ba tare da wuta ba. Kamar mililita 5 a lita ɗaya, wato ƙaramin cokali guda, a fara kaɗa shi da ɗan sabulun ruwa kafin a zuba sauran ruwan, in ba haka ba zai taso sama. A riƙa girgiza famfon ana tafiya. Kada a fesa mai da tsakar rana ko a kan shukar da ke jin ƙishi, yana ƙona ganye. Ki gwada a buhu ɗaya, ki jira kwana biyu ki gani.

Sabon Ɗan Lambu:
Sabulun da kuke faɗa, garin wanki zai yi?

Malamin Gona:
A'a. Garin wanki da ruwan wanke kwanuka masu ƙarfi suna cire kakin da ke kare ganye. Sabulu na asali marar turare ake so, kaɗan. Shi kansa ruwan sabulu yana kashe 'ya'yan in ya jiƙa jikinsu, amma da zarar ya bushe aikinsa ya ƙare.

Kuma ka rubuta wannan a wani wuri: duk kwana biyar zuwa bakwai, sau uku a jere aƙalla. Na farko na waɗanda ke nan yau ne, na biyu na waɗanda suke ƙwai yau, na uku na waɗanda za su fito daga ƙasa. Wanda ya tsaya a na farko aikin baban giwa ya yi.

Na Gefen Rafi:
Ni ban taɓa ganin abin da ya kai ruwan taba ba. Ka jiƙa ganyen taba ya kwana, ka fesa, ko motsi ba za su ƙara yi ba.

Malamin Gona:
Don Allah kar ka gwada, musamman kai mai yara. Nikotin guba ce ta gaske, tana shiga ta fatar mutum, kuma ba ta bambanta ƙwaron kirki da na banza. Ga shi taba na iya ɗauke da cutar da ke sa ganyen tumatir da barkono ya yi dabbare-dabbare. Ba duk abin da ya fito daga tsiro ne marar cutarwa ba.

Na Gefen Rafi:
To tafarnuwa da barkono fa? Ko su ma haramun ne a zauren nan?

Malamin Gona:
Haba, ba a kai nan ba. Ba su da haɗarin taba, sai dai ka kiyaye idonka. Suna iya ɗan korar ƙwari na ɗan lokaci, amma ba zan ɗora amfanin gonar mutum a kansu ba.

Baba Mai Albasa:
Kun tsaya a kan abin da za a zuba a famfo, kun bar babban magani. Ruwa. Duk wanda ya daɗe a lambu ya san ƙwaron nan ɗan rani ne. Zafi da bushewa da ƙura su ne lokacinsa. A yi ruwan sama mai ƙarfi sau biyu, ka je ka buɗa wuyan albasa ka ga yadda suka ragu. Ruwan yana wanke 'ya'yan ya jefar ƙasa, ya kuma dame turɓayar da sauran ke kwance a ciki. Ɗana, yaya kake ban ruwa?

Sabon Ɗan Lambu:
Ta ƙasa nake sakar mata, ya bi komi. Ganyen bai taɓa jiƙewa ba, an ce min jiƙa ganye yana kawo cuta.

Baba Mai Albasa:
Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya ba ka. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke kamuwa, musamman da wannan tabon mai ruwan shuni da ke cin lawashi, kuma raunin da ƙwaron ya yi ƙofa ce gare shi. Don haka da sassafe za ka yi. Ka toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa, ka wanke lawashin da ƙarfi daga sama zuwa wuya, rana ta fito ta busar kafin hantsi ya yi nisa. Sau biyu ko uku a mako. Ranar da za ka fesa dogon yaro da yamma, ka yi wankan da safe, kashegari kuma ka bar shi kada ka wanke abin da ka fesa.

Mai Zuma:
Ina bin ku tun ɗazu. Na ga babu wanda ya ambaci spinosad, alhali ana lissafa shi cikin magungunan da ba na haɗin masana'anta zalla ba. Daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ake samun sa, wadda aka gano a 1982 a wani tsibiri na yankin Karebiyan. Yana aiki a kan tirifs ƙwarai, ya fi dogon yaro sauri. Amma roƙona ɗaya: yana kashe ƙudan zuma muddin bai bushe ba. Wanda zai yi amfani da shi ya bari sai magariba ta gabato zuma sun koma gida, kuma ya kauce wa abin da ke cikin fure. Na taɓa tsintar zumana a ƙofar amya suna birgima saboda wani ya yi feshi da hantsi a kan fure, ban san me ya fesa ba, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Malamin Gona:
Allah ya mayar da alheri. In ƙara a kan naka, tirifs ya riga ya saba da spinosad a wurare da yawa na duniya saboda an yi ta maimaita shi. A ajiye shi sai an ga abu na neman fin ƙarfi, a bi abin da ke rubuce a jikin kwalba game da yawan feshi da kwanakin jira kafin girbi.

Ba Sani Ba Sabo:
Kun gani ko? An zaga an zaga an dawo kan kwalba.

Mai Zuma:
An dawo kanta a ƙarshe, kai kuma da ita kake farawa.

Hajiyar Buhuna:
Ni tambayata a kan tarkon nan mai danƙo ne. Na ga ana rataye shuɗi, wasu rawaya. Wanne ne daidai? Na yanka tsohuwar jarka rawaya na shafa mata man basilin, kwana biyu ta cika da ƙudaje da wasu ƙwari masu kyau da ban san su ba, har na ji tausayi.

'Yar Ajin Kimiyya:
Duka biyun suna kama shi, Hajiya. Rawaya tana jan kusan kowa, farin ƙuda da darɓa mai fiffike da ƙwarin kirki. Shuɗi ya fi zaɓe, kuma tirifs na fure, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne ya bazu duniya ta hanyar cinikin furanni da dashe daga ƙarshen shekarun 1970, yana son shuɗi sosai. A rataye shi dab da saman shuka, ana ɗaga shi yadda shukar ke girma. Amma ki ɗauke shi a matsayin mai gadi, ya gaya miki sun iso da kuma ko suna ƙaruwa. Ba zai share miki lambu ba, manya kawai yake kamawa, 'ya'yan da ke ɓarnar ba sa tashi.

Sabon Ɗan Lambu:
Ni da har na yi niyyar lulluɓe komayen da tsohon gidan sauro.

'Yar Ajin Kimiyya:
Zai wuce ta hujin kamar mutum ya shiga ƙofar zaure. Ragar da ke tare shi sai wadda hujinta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, ita kuma tana hana iska shiga. Kuma tunda suna ciki yanzu, rufewa za ka yi da su, ka tare masu cin su a waje.

Baba Mai Albasa:
Masu cin su ɗin nan, ku yi wa yaron bayani. Akwai wani ɗan ƙwaro baƙi da fari a baya, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ina yawan ganinsa a cikin fure da bunun masara. Wani lokaci har ya ɗan cije ni a hannu.

Malamin Gona:
Shi ne Orius, Baba, kuma cizon nasa yafe masa za ka yi. Yana cikin 'yan kaɗan da ke kama babban tirifs da ɗansa duka, ya soke shi ya tsotse. 'Ya'yansa masu ruwan lemo ne, da sauri kamar an kore su, kada a ɗauke su a matsayin abokan gaba. In babu nama yana rayuwa da garin fure, shi ya sa lambun da ke da wani abu mai fure kodayaushe ba ya rasa shi. Akwai kuma tsutsar wannan ƙwaro kore mai fiffike kamar leshi, da wasu mitsitsin gizo-gizo mafarauta da ke cin sababbin ƙyanƙyasa. A ƙasashe irin su Holan, masu noma cikin gidan gilashi sayen waɗannan suke yi a kwalba da ƙananan jakunkuna suna saki. Mai lambu a fili kuwa kyauta suke zo masa, in bai kashe su da hannunsa ba. Layin masara a gefen da iska ke busowa yana yin aiki biyu, yana rage waɗanda iska ke kwasowa, don tirifs ba gwanin tashi ba ne, yana kuma ba mafarautan masauki.

Sabon Ɗan Lambu:
Na gode ƙwarai. Tunda kun ce a duba fure, na leƙa tumatir ɗin ma. Na busa iska a cikin fure sai ga su suna fitowa. Amma akwai gindi biyu da suka bambanta da sauran. Sun tsaya da girma, ganyen sama ya yi ruwan tagulla da ƙananan ɗigo masu duhu, ɗaya ma gefe guda kawai ya lalace. 'Ya'yan da suka fara nuna suna da zobe-zobe rawaya. Shi ma dogon yaron zan fesa?

Malamin Gona:
Wannan kam ba labari mai daɗi ba ne. Ba zan yanke hukunci ban gani da ido ba, amma abin da ka kwatanta, ruwan tagulla a sama, tsayawar girma, zobe a jikin 'ya'ya, ga kuma tirifs a fure, alamun wata cutar bairos ce da tirifs ke yaɗawa. An fara ganin ta a tumatir a Ostareliya a 1915, kuma tana kama tsirrai sama da nau'i 1,000, har da tattasai da latas da gyaɗa da ciyayi da yawa. Ba ta da magani. Gindin da ya kamu ya kamu.

Yadda take yaɗuwa shi zai nuna maka abin yi. Tirifs ba ya ɗaukar ta yadda zai iya yaɗawa sai yana ƙarami, in ya yi tsotso a jikin shuka mai cutar. Idan ya girma ya yi fiffike, sai ya yi ta rabawa har ya mutu. Ba ta bi ta ƙwai zuwa 'ya'yansa. Ka ga ke nan waɗannan gindi biyun su ne makarantar da ake yaye masu yaɗa ta. Ka zura musu babbar leda tun suna tsaye, ka ɗaure, sannan ka tuge, don kada ka karkaɗe ƙwarin a kan na kusa. Ka fitar da su daga lambun gaba ɗaya, kada su shiga ramin taki.

Sabon Ɗan Lambu:
Malam, ɗayan yana ɗauke da 'ya'ya sun fi goma. Ba zan iya bari su nuna ba tukuna?

Baba Mai Albasa:
Ɗana, na san zafin. Na taɓa barin gindi ɗaya saboda irin wannan tausayin, na ce mako guda kawai. Layin duka ya bi shi. Tuge.

Hajiyar Buhuna:
Wayyo. To badi yaya mutum zai yi ya kauce?

Malamin Gona:
Tun daga wurin renon iri ake farawa, Hajiya. Dashen da aka kawo daga wani wuri a buɗa shi a karkaɗa a kan takarda kafin ya shiga lambu, da yawa a nan suke shigowa. Kada a yi sabon reno kusa da tsohuwar albasar da ta kusa girbi, don tana fara bushewa za su yi ƙaura zuwa ɗanyen. A kwashe ragowar lawashi da albasar da ta tsiro da kanta, a nome ciyawar gefe tun kafin dashe, ba bayan shuka ta fito ba, in ba haka ba korar su ka yi zuwa cikin komi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, tana riƙe laima, an kuma ga tana rage su a albasa. Ga tumatir da tattasai, ledar shimfiɗa mai ƙyallin azurfa tana rikita su wajen sauka, musamman shuka tana ƙarama kafin ganye ya rufe ledar. Akwai kuma irin tumatir da aka samar mai jure wannan cuta, ana rubuta Sw-5, sunan ƙwayar gadon da ke ba shi juriyar, ko TSWV, gajeren sunan cutar a Turance, a bayanin irin. Takin zamani kuma a raba shi kaɗan-kaɗan.

Baba Mai Albasa:
A albasa ma iri ya bambanta. Mai ganye kore shar mai sheƙi, wuyanta a buɗe, ba ta tara su kamar mai ganye shuɗi-shuɗi da wuya a matse. Wannan na gani da idona a komi biyu maƙwabta.

Ba Sani Ba Sabo:
Duk wannan hidima a kan komi shida. Mai kadada biyu fa, shi ma ya yi ta sunkuyawa yana leƙa wuya?

Malamin Gona:
Shi ya fi kowa buƙatar leƙawar. Manyan manoman albasa a jihar Niyok ta Amurka ƙirgawa suke yi kafin su fesa, ma'aunin da aka fi bi shi ne in an kai kimanin tirifs ɗaya a kowane ganye. Ba duk gindi ake dubawa ba, ana zaɓar wasu nan da can, har da na bakin gona inda suke fara sauka. Lokacin da albasa ta fara ɗaura kai shi ne ɓarnar ta fi tasiri. In wuya ya fara kwanciya girbi ya zo, babu amfanin fesa komai.

Ba Sani Ba Sabo:
Ƙirgar zan gwada. Sauran kuma sai na ga sakamakon yaron nan.

Sabon Ɗan Lambu:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha tara. Tumatir biyun na tuge tun ranar, daga baya wani na uku ya nuna alama shi ma na cire, sauran har yau lafiya. Albasa na yi wanka da safe sau uku a mako, dogon yaro sau uku, duk da na biyun na makara da kwana biyu saboda tafiya. Na zaɓi gindi goma da nake dubawa kullum, na ɗaura musu tsumma. Ranar farko wanda ya fi yawa na ƙirga talatin da wani abu na gaji na bari. Yau mafi yawa shida ne, uku babu ko ɗaya. Tsohon ganyen da ya yi fari yana nan yadda yake, amma sababbin da ke fitowa daga tsakiya kore ne. Komi na ƙarshe, wanda ke jikin katanga inda tiyo ba ya kaiwa sosai, shi har yanzu akwai su da dama.

Baba Mai Albasa:
Madalla. Wanda ya yi fari ba zai dawo ba, sabon ganye za ka riƙa kallo. Ka ƙara wa tiyon tsawo, ko ka ɗauki bokiti da garwar ban ruwa ka je wa na jikin katangar. Kada ka daina leƙawa, waɗanda ke ƙasa ba su gama fitowa ba.

Ba Sani Ba Sabo:
Shida ai ba sifili ba ne.

Sabon Ɗan Lambu:
Haka ne Yaya. Kai nawa ka samu a naka?

Ba Sani Ba Sabo:
Na buɗa biyar jiya, kwana huɗu bayan feshi. Baba, ƙwallon da aka tsinta bara zai yi, ko sai sabo?